Shekarar da Yayarku Ta Ƙi Nama

Akwai magana biyu da kuke yawo da su a kaina tun kuna yara, na kuma lura har kun fara sanar da 'ya'yanku. Ta farko, wai ni ce na hana Yayarku cin nama saboda wani abu da na karanta a littafin Turawa. Ta biyu, wai na yi wa kakarku Hajiya rashin kunya da Sallah a gaban jama'a, shi ya sa ta ɗauke ƙafa daga gidanmu. Ta farkon ƙarya ce tsagwaronta, ni da ko jarida sai an naɗo mini ƙosai a ciki nake duba ta. Ta biyun kuwa ku bari ku ji yadda aka yi kafin ku yanke hukunci, don ni da abin ya faru a kaina har yau ban gama gane shi ba.

Gidan su Abbanku gidan fawa ne tun kaka da kakanni. Kakanku ya rasu kafin a kawo ni, amma Hajiya ta riƙe gidan Tudun Murtala yadda ya bar shi. A gidan nan da nama ake auna komai. In baƙo ya zo, yawan tsokar da ke kwanonsa ita ce darajarsa. In mutum ya tashi daga ciwo, ba a cewa ya warke sai an ga ya tauna ƙashi. Abbanku ne kaɗai ya bi boko har ya shiga aikin gwamnati, da sojoji suka miƙa mulki aka yi masa ƙarin girma, aka ba shi gida a Nassarawa GRA. Nan aka kawo ni daga Ringim, ni da na tashi a gidan da in ka yi atishawa mutum goma za su amsa maka. Gidan GRA kuwa ɗakuna ne rututu, da itatuwan mangwaro, da katanga mai tsawo. Hagu da mu wani ofis ne, dama da mu wasu Indiyawa ne masu masana'anta. In Abbanku ya fita da safe, sai ni da ƙarar firji. Shekarun nan kuma ba ya zama, daga wannan taro sai wancan, don 'yan siyasa sun shigo kowa yana son a gan shi yana aiki.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano na haifi Yayarku. Aka sa mata sunan Hajiya. Na je gida wanka, na yi arba'in, aka dawo da ni da jaririya da buhun shawarwari da ba su jitu da juna ba.

A nan sai na yi muku bayanin abin da ku ba ku sani ba, ku da kuke ɗora hoton jariri a waya tun bai buɗe ido ba. A zamaninmu akwai kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta nuna ta damu da shi. In ya yi kuka a cikin mutane, sai ta kau da kai har wata ta ɗauka ta miƙo mata, ita kuma ta karɓa kamar an tilasta mata. Uban ma haka. Wanda ya fi iya wannan shi ake cewa ɗan gidan mutunci. Kuma a Ringim abin ba wuya, don hannuwa sun yi yawa. Kafin yaro ya buɗe baki kaka ta ɗauke, gwaggo ta goya, ƙanwa ta yi masa rawa. Uwa tana iya kau da kai hankalinta kwance, ta san ba abin da zai same shi. To ni a GRA wa zan kau da kai in bar wa? Firji? Daga ni sai ita tun safe har yamma. Ban san kukan yunwa ba, ban san na ciwon ciki ba, ban san na rigima kawai ba. Wata rana ta yi ta kuka na rasa dalili, na zauna a tsakiyar falo na taya ta, sai ta yi shiru tana kallona. A haka muka koyi juna. Na riƙa yi mata waƙa, ina yi mata hira kamar babba, ina sa ta dariya har ta shaƙe. Na so yarinyar nan son da ya ba ni tsoro. Amma da na ji hon a bakin get, sai in ajiye ta a kan kafet, in ɗauki tsintsiya ko wani abu, baƙo ya shigo ya same ni kamar ban san da ita a ɗakin ba.

Da ta fara zama, haƙori ya leƙo, Hajiya ta zo da kanta da 'yar ƙullin leda. Al'adar gidansu ce, abin da yaro zai fara ɗanɗana bayan nono hantar rago ce, kuma daga hannunta. Ta gasa, ta murtsuke da yatsa, ta yi bisimilla ta sa mata a baki. Yayarku ta yamutsa fuska, ta turo shi da harshe, sannan ta amayar da nonon da ta sha a kan zanen Hajiya.

Hajiya ta yi dariya ta ce, "Takwara, ni za ki yi wa haka? Bari dai, baƙon abu ne. Za ta saba."

Ba ta saba ba. Aka gwada kaza, aka gwada kifi, aka gwada romo zalla. Ko shinkafa aka dafa da ruwan nama, tun cokali bai kai bakinta ba take juyar da kai ta damƙe leɓe. In aka matsa, amai. Ni kaina na gwada a ɓoye ba sau ɗaya ba, na daka tsoka ta yi laushi na cusa a cikin kunu, ta gane. Ku da kuke cewa ni na hana ta, da kun ga yadda na yi ta roƙon jaririya kamar mai neman alfarma.

Daga nan kowa ya zama likita. Gwaggonku Rabi, ƙanwar Abbanku, ita ta fara kawo nata bayanin.

"Ai ni na san za a yi haka. Tana da ciki ba ta da aiki sai kallon finafinan Indiya a bidiyo, ga Indiyawa a maƙwabta tana leƙensu ta taga. Abin da mai ciki ta cika kallo ai shi take haifa. Ba'indiya kuka samu, sai haƙuri."

Na so in ce ƙarya ne, sai na tuna kaset nawa na kalla a watannin nan don kaɗaici. Har na koma ina tsayawa a taga ina kallon yaran Indiyawan nan suna guje-guje a tsakar gidansu, an ce ba su taɓa sa nama a baki ba, ga su kuwa ɓul-ɓul. Na rasa ko hankalina ya kamata ya kwanta ko ya tashi. Baffanku Sani kuma, wanda a shekarar ya tara gemu ya koma ba ya magana sai da hujja, ya ce ƙin abin da Allah ya halatta ba ƙaramin abu ba ne, a kula. Yarinyar da ko tafiya ba ta fara ba! Lokacin haka gari yake, kowa ya waye da malanta a baki, har mai kayan miya sai ya yi maka wa'azi kafin ya ba ka canji. Hajiya ta ce iska ce, aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi. Na aika wa Innata a Ringim, amsar da ta dawo ta ƙara dagula ni: wai dama wa ya ce a saba wa yaro da nama da ƙwai, so ake ya tashi da ɗauke-ɗauke? Muka je asibiti, likita ya duba ido, ya duba ciki, ya ɗora ta a sikeli, ya ce lafiyarta ƙalau, a ba ta abin da take ci. Abbanku kuwa duk wanda ya yi magana a ƙarshe shi ne mai gaskiya a wurinsa. In ya dawo daga Tudun Murtala iska ce, in mun fito daga asibiti ba komai ba ne.

Abin da take ci ɗin ma ban gano shi da wayona ba. A gidan GRA ba a ɗora ɗan wake a tebur, Abbanku yana ganin abincin marmarin mata ne. Ni kuwa in ya fita sai in kwaɓa abina in ci a kicin, a zaune a ƙasa. Ran nan ina ci, Yayarku ta rarrafo, ta dafa gwiwata, ta sa hannu a kwanon ta ɗauki ɗaya wanda yaji bai taɓa ba. Na zuba ido ina jiran amai. Ta mamula, ta haɗiye, ta miƙo hannu. Wallahi sai da na yi hawaye a kan ɗan wake.

Daga ranar na shiga gwaji, kuma ku rubuta wannan ku ajiye don ba wuya gare shi. Ɗan wakenta garin wake ne da ɗan garin rogo da kuka, a kwaɓa da ruwan kanwa kaɗan, a jefa ƙanana ƙanana a tafasasshen ruwa, in sun taso sun nuna a tsame a zuba man gyaɗa, ba yaji. Alala kuma in na surfa wake na niƙa da albasa da tattasai ɗaya, sai in sa manja in zuba a gwangwanin madara in turara, ta fi son ta da ɗumi. Wanda ya fi karɓar ta shi ne faten tsaki da kabewa: a dafa kabewar ta narke, a zuba tsaki, a sa dakakkiyar gyaɗa da daddawa, a yanka alayyahu a watsa a ƙarshe, a bar shi da ruwa-ruwa. Da safe kunun gyaɗa. In na gaji, dankalin Hausa kawai nake dafawa in murje da man shanu. Awara ma tana ci in ba a soya ta ta yi tauri ba. Duk abincin da na tashi da shi ne a Ringim, wanda na zaci na baro shi a can da aka kawo ni gidan masu nama. Yarinya ta riƙa cinye kwano tana tanɗe hannu. Ba ta yi ƙiba ba, don jikina ta ɗauko, amma ta yi ƙarfi, ta tashi da tafiya tana ta ɓarna.

Za ku ce to me ya hana in faɗa? Nan ne wurin da ku ba za ku gane ba, ni ma yanzu in na tuna sai in ga kamar wata ce ba ni ba. In na buɗe baki a gaban Hajiya na ce tana cin kaza, ba ta son kaza, na tona wa kaina asiri ke nan cewa zama nake ina kallon bakin 'yar fari, ina ba ta da hannuna. Sannan na ƙaryata uwar miji a kan maganar iska. Sannan na shaida cewa jikar mahauta, a gidan GRA, da ganye da wake ake rayar da ita. Ko ɗaya a ciki bakina ba zai iya ɗauka ba. Na gaya wa Abbanku, har na nuna masa tana ci, ya yi murna ƙwarai.

Ya ce, "Ki bari, ranar Juma'a zan yi wa Hajiya bayani."

Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo. Shi ma ɗan farinsa ne, a gaban Hajiya ko inda yarinyar take ba ya kallo. Ya zai fara? Kowace Juma'a muna yini a Tudun Murtala, abincin gidan kuwa ba wanda nama bai shiga ba, har miyar kuka. Yayarku sai ta yini ba ta ci komai ba sai nono, tana ƙananan koke-koke, ni ina gefe na kau da kai kamar yadda aka koya mini. Abin da Hajiya take gani ke nan duk mako: yarinya siririya mai kuka da ba ta cin abinci, da uwa da ko kallonta ba ta yi.

Ana saura kwanaki Babbar Sallah na ji su da kunnena, ina alwala a bayan ɗakin Hajiya, tana magana a kaina da Gwaggo Rabi.

"Zulai yarinyar kirki ce, kunyarta har ta yi yawa. Kin ga ko ɗaga ido ba ta yi ta dubi 'yar nan. To mai irin wannan kunya, ita kaɗai a wancan ƙaton gida, ya za ta iya da yarinya mai iska? Tausayi take ba ni. In an gama aikin layya zan taho da takwara in yaye ta, ta zauna a wurina kawai. Ita ma ta huta."

Na tsaya da buta a hannu. Yabona take yi, kuma da yabon za ta raba ni da 'yata. Na san irin yayen gidan, Abbanku da aka kai shi wurin tasa kakar bai dawo ba sai da ya isa shiga makaranta. Kuma na san a Tudun Murtala ba mai kwaɓa wa yarinya ɗan wake, hanta za a yi ta tura mata har ta saba ko ta kwanta. A mota na gaya wa Abbanku. Ya ce ai Hajiya ba za ta cutar da ita ba, kuma ya za a yi mutum ya ce wa mahaifiyarsa a'a a kan ɗan fari? Na rasa wanda zan ji haushi, shi, ko Hajiya, ko Innata da ta koya mini kau da kai. Kwanakin nan na yi su kamar wadda aka juya a turmi. Har kayan Yayarku na haɗa a jaka da hannuna, ina ninkewa ina warwarewa.

A gidanmu ake aikin layya saboda fili. Washegarin Sallah tun da hantsi dangi suka cika tsakar gida, maza a ƙarƙashin mangwaro suna ta gardamar siyasa da Shari'a, mata a bayan kicin an kafa murhu ana suya. Duk inda ka juya nama ne, a faranti, a tabarma, a igiya. Ƙaurin kitse ya shiga har cikin labule. Tun ranar Sallah ban sami sukunin dafa wa Yayarku nata ba, ido ya yi yawa, kuma Hajiya ta ce a fara rage mata nono tunda yau za ta tafi. Jakarta tana jingine a bakin ƙofar falo. Ni aka ba wa kaskon suya, ina tsaye da matsami.

Da azahar ta gabato kukanta ya canza, ya zama na yunwa sosai, wanda yanzu na san shi. Hajiya ta ce a miƙo mata romon kai da ƙafa a kofi, za ta yi mata ɗura. Ku ba ku san ɗura ba, Allah ya hutar da ku. Kwantar da yaro ake a cinya, a riƙe hannuwa, a tara tafin hannu a bakinsa a zuba, a toshe hanci, dole ya haɗiye. Haka aka yi wa kowa a da, ba mugunta ba ce. Gwaggo Rabi ta riƙe ƙafafu, Hajiya ta zuba. Yarinya ta shaƙe, ta yi tari, romo ya fito ta hanci. Na kau da kai ina juya nama. Aka sake zubawa. Da ta samu numfashi sai ta waiga tana neman fuskata a cikin matan nan, ta gan ni, ta miƙo hannu.

"Umma! Umma!"

Ba wanda ya taɓa jin ta kira ni, don a gaban mutane ban taɓa ba ta fuskar da za ta kira ba. Ban san lokacin da na ajiye matsami ba. Ban yi shawara da zuciyata ba, kada wani ya ce muku jarumta na yi. Na dai ga kaina a durƙushe a gaban Hajiya, na sa hannu biyu na ɗauke yarinya daga cinyarta. Na goya ta, na shiga kicin, na kunna risho. Na kwaɓa gari, na jefa, na tsame, na zuba mai. A waje ba ka jin komai sai ƙarar kitse a kasko, naman da na bari yana ƙonewa.

Da na zauna a kicin na ba ta, da wataƙila an rufe maganar, a ce zafin kuka ne ya ɗebe ni. Har yau ban san abin da ya fito da ni ba. Na fito da kwano, na zauna a tabarma a gaban Hajiya, inda maza ma suna hange, na sauke ta na ɗora a cinya, na riƙa gutsura ina sa mata a baki. Ta ci tana ajiyar zuciya. Ta ci, ta ci, ta kama yatsana tana tanɗewa, ta buɗe baki tana jiran wani. Da kwano ya ƙare ta kwantar da kai a ƙirjina kamar yadda ta saba kullum, kowa ya ga sabo ne ba na yau ba. Na hango Abbanku ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota.

Hajiya ta daɗe tana kallonmu, sannan ta ce, "Tun yaushe take cin wannan?"

Na ce, "Tun kafin ta fara tafiya, Hajiya."

"Kina kallo ina yawon karɓo rubutu, ina hana kaina barci a kan yarinyar nan, kin san abin da take ci, ba ki faɗa ba?"

"Kunya na ji, Hajiya."

"To yau ina kunyar ta tafi?"

Gwaggo Rabi ta fara cewa ai dama ta faɗa, GRA ta mayar da ni Baturiya, Hajiya ta ɗaga mata hannu ta yi shiru. Hajiya ta tashi ta wanke hannunta, ta yafa mayafi, ta ce a kira direba. Ta bi ta gaban jakar nan a bakin ƙofa ba ta dube ta ba. Da ta kai mota ta juyo.

"Ki riƙe abarki."

Kalmomin da na fi so in ji ke nan a duniya, kuma ba a taɓa gaya mini magana mai ciwonsu ba.

Abin da ya biyo baya kun san wani, ba ku san wani ba. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kai ƙarata Ringim ba. In na je gaishe ta tana amsawa, har ta sa a zubo mini abinci da tsoka mai kyau. Amma ta yi shekaru ba ta ƙara taka gidan GRA ba, kuma duk cikinku ba wanda ta sake cewa a kawo mata yaye ko kwana. Kun sha tambayata me ya sa 'ya'yan Baffa Sani suke da shimfiɗa a ɗakin Hajiya ku ba ku da ita, ina ce muku nisa ne. Ba nisa ba ne. Bayan Sallar da 'yan makonni na shiga ɗakinta ɗauko mata carbi, na ga 'yar ƙaramar katifa sabuwa a ledarta an jingine bayan gado, da ɗan kofi da cokali na roba. Sai lokacin na tuna tun rasuwar kakanku ita kaɗai take kwana a ɗakin nan. Ni ina ganin za a ƙwace mini 'ya, ita kuma ta yi watanni tana shirin baƙuwa. Katifar nan ta yi shekaru a wurin ba a cire ledar ba. Duk sanda na gan ta sai in rasa ko na yi daidai, in na dawo gida na ga Yayarku tana cin fatenta sai in rasa ta yaya zan yi dabam.

Dalilin ƙin naman kuwa, kada ku tambaye ni. Ga ta nan da 'ya'yanta, har yau ko ƙamshin tsire ba ta so, likitoci sun duba ba su ga komai ba, ku kuma da kuka biyo ta kuna cin nama kamar kuraye. Gwaggo Rabi har ta rasu tana kan maganar Indiyawa.

Hajiya ta sake shiga gidana sau ɗaya, lokacin Yayarku tana sakandare. Hawan jini ya kayar da ita, aka sallamo ta daga asibiti, Abbanku ya ce ba inda za ta sai wurinmu, ba ta da ƙarfin musu. Likita ya hana ta jan nama, ya hana kitse, ya ce a rage gishiri. Matar da ta yi rayuwarta a gidan fawa. Kwana biyu duk abin da na kai mata sai ta ce ta ƙoshi. A na uku na dafa faten tsaki da kabewa, irin na Yayarku sak, amma ban kai da kaina ba. Na ba wa Yayarku, ni kuma na tsaya a bayan ƙofa kamar ɓarauniya a gidana. Hannun Hajiya na dama bai dawo daidai ba, don haka Yayarku ce ta zauna a bakin gado tana ba ta a baki. Na ji cokali yana taɓa kwano, a hankali, har ya fara kankarar ƙasa.

Hajiya ta ce, "Takwara, wannan ne abin da uwarki ta hana ni ke a kansa?"

Yayarku ta yi dariya ta ce ita ba ta san zancen ba.

"Ita ta sani, ga ta can a bayan ƙofa, ina ganin ƙafarta. Ki gaya mata na ce ta iya riƙo." Ta goge bakinta. "Amma gishiri bai ji ba."

Ban shiga ba, ita ma ba ta kira ni ba, kuma ba mu ƙara tayar da maganar ba har Allah ya karɓi abarsa. Ko yafiya ce, ko faɗan da ta riƙe shekara da shekaru ne ta sauke a taƙaice, ban sani ba. Na dai koma kicin na zauna a ƙasa, a daidai inda Yayarku ta fara sa hannu a kwanona, na yi kukana. Washegari na sake dafa mata faten, na saɓa wa likita na ƙara gishiri kaɗan, kuma ni na kai mata da hannuna.